Ranar da Hamma Ya Ƙi Karɓar Bindiga

Gidan Hamma gidan Fulani ne wanda ba shi da saniya ko ɗaya. Shi ne da matarsa Safara'u, da 'yarsu Bushira mai aji biyar a firamare, da ƙaninta na goye. Suna zaune a gefen Tudun Wada, daidai inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. A da suna da garke, har mutane kan yi kwatancen hanya da rugarsu. Wata shekara ɓarayin shanu suka kore garken gaba ɗaya daga bakin daji, suka bar musu igiyoyi da turaku. Tun daga nan Safara'u take sayen nono a wurin 'yan uwanta ta dama fura ta sayar, abin da ba ta taɓa zaton zai same ta ba.

Hamma ya gwada ƙwadago a gonakin mutane, ya gwada dako a kasuwa, duk abin bai riƙe gida ba. Ana cikin haka wani kamfanin masu gadi na Kano ya zo neman ma'aikata. Hamma ya ɗauka gadi shi ne yadda ya san shi, mutum ya samu sanda da tocila ya zauna a bakin ƙofa. Ashe zamani ya wuce nan. Kamfanin yana da lasisi daga hukuma, kuma ba ya sa wa kowa rigarsa sai an bi ƙa'ida. Sai da Arɗo da mai unguwa suka tsaya wa Hamma, suka ce sun san shi sun san asalinsa. Aka duba lafiyarsa a asibiti. Aka ɗauki zanen yatsunsa aka bincika ko an taɓa kama shi da laifi. Sannan aka tafi da shi Kano horo, ya yi makonni ana koya masa tsayuwa da binciken mota da yadda ake magana da mutane.

Ya dawo da katin shaida mai hotonsa, da kulki, da usur, da baƙin wando da riga ruwan goro. Ƙanin Safara'u, wani matashin makiyayi mai suna Ja'afar, wanda dama wasa ke tsakaninsa da mijin yayarsa, yana ganin rigar ya faɗi ƙasa don dariya, ya raɗa masa suna Sojan Goro. Hamma bai ji haushi ba. Ya ce da gangan aka zaɓi launin, don doka ta hana mai gadi sa kayan da za a ɗauke shi soja ko ɗan sanda. Dokokin aikin kuwa ya haddace su kamar karatun allo, yakan maimaita su yana goge takalmi, har Bushira ta iya su ita ma: mai gadi ba ya riƙe bindiga, ikonsa ya tsaya a inda katangar da yake tsaro ta tsaya, in ya kama ɓarawo 'yan sanda zai miƙa wa, kuma ba ya barin ƙofa sai wanda zai canje shi ya iso.

Kamfanin ya ajiye shi gadin rana a injin gyaran shinkafa na Alhaji Ladan. Da wannan aikin aka daina kwana da yunwa a gidan, da shi aka yi wa Bushira takalmin makaranta. Ita ce ke kai masa abinci kullum in an tashi daga makaranta, kuma ba ta taɓa yin ƙorafin nisa ba. Tana son ta ji direbobi suna leƙo kai suna cewa, "Ofisa, a buɗe mana." Takan zauna a kan bencinsa ta miƙe wuya, ko wani zai tambaya 'yar waye.

Katangar injin ta bi gefen burtali, tsohuwar hanyar da shanu suke bi zuwa mashaya tun kafin a haifi Alhaji Ladan. Shekara da shekaru kofato ya daddaɓe ƙasar wurin, ta yi sumul ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Da kaka ta yi, shinkafa ta yi yawa, filin cikin injin ya cika, matan da ke gumi, wato turara shinkafa, suka rasa wurin shanya. Alhaji ya leƙa waje ya ga burtali a shimfiɗe ba kowa, sai ya ce a baza tamfol a kai. Ranar farko aka kwashe kafin shanu su zo. Rana ta biyu aka makara, shanu suka bi ta kan shanyar, suka ci ta ci, suka tattake sauran, suka bar kashi a tsakiya.

Washegari Bushira ta iso da kwano a ka bayan azahar, ta tarar an sake baza shinkafar, ta ma fi ta jiya yawa, tun daga gindin katanga har ƙetaren burtalin. Tana ajiye kwanon motar Alhaji ta tsaya. Ya fito da wani dogon abu naɗe a buhu. Da ya warware, sai ga bindigar toka irin ta maharba, gindinta ya sha layu.

Alhaji Ladan ba mugun mutum ba ne. Mutum ne da ya ga dukiyarsa a ƙasa ana takawa, ya kwana da abin a ransa.

"Hamma, ungo," in ji shi. "Aro na yi, a ɗure take. Ban ce ka kashe kowa ba. In sun doso, ka fita kan burtalin ka saki ɗaya sama, za su juya."

Hamma ya ƙame, ya haɗa hannuwa a baya yadda aka koya masa.

"Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Ba zan karɓa ba."

"Ba ka iya ba ne? Bafulatanin daji bai iya bindiga ba?"

"Na iya, ranka ya daɗe. Tun ban kai yarinyar nan ba nake ɗura ta. Amma ranar da aka ba ni katin nan na yi alkawari ba zan riƙe ta a bakin aiki ba. Burtali kuma ba cikin katangarka yake ba. Daga ƙofar nan zuwa ciki, ko allura ta ɓace a tambaye ni. Daga nan zuwa waje hanyar kowa ce."

"Kai za ka karanta mini doka? Ni na zauna da kamfaninku, na san ta sarai. Dokar tana Kano, shinkafata tana nan."

"Ni ma ina nan, Alhaji, kuma da ita aka turo ni."

Leburori sun fara taruwa, wasu da buhu a ka suka tsaya. Alhaji ya dube su, ya dubi Hamma, ya ga abin ya zama na idon jama'a.

"Ka ce dai 'yan uwanka ne. Ai dama an gaya mini, kowa ya ba kura ajiyar nama ya san abin da zai tarar."

"Ko shanun Bature ne amsar ke nan."

"To shi ke nan. Tafi, na sallame ka. Ajiye mini makullina."

Bushira ta ɗago kai. Ta dubi babanta, ta ga ko gezau bai yi ba.

"Ba kai ka ɗauke ni ba, ranka ya daɗe. Kamfani ne ya ajiye ni a ƙofar nan. In ba ka so na, ka kira su su kawo wani, in miƙa masa makulli hannu da hannu. Kafin nan ba na barin ƙofa a buɗe."

"Wato ba ka karɓa, kuma ba ka tafiya?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Wani lebura ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Alhaji ya zaro waya ya kira Oga Abdulganiyu, mai kula da masu gadin kamfanin a wannan yanki, ya buɗe muryar don kowa ya ji. Oga ya saurara har Alhaji ya gama, sannan ya ba shi haƙuri. Ya ce ba shi da bakin da zai ce wa ma'aikacinsa ya ɗauki bindiga, don ranar da aka ga haka lasisin kamfanin gaba ɗaya za a karɓe, ba na mutum ɗaya ba. Amma tunda Alhaji ba ya son Hamma, shi Oga yana Kwanar Dangora yanzu, zai taho da wani kafin magariba. Alhaji ya kashe wayar, ya jingine bindigar a jikin mota, ya shiga ofis ya buga ƙofa.

Mutane suka watse. Bushira ta matso kusa da babanta.

"Baffa, ka karɓa mana. Ba sai ka harba ba. Ka riƙe kawai ya ga ka riƙe."

"Wanda ya riƙe ta ya fita, ai ya yi rabin harbi."

"To in an kore ka fa? Me za mu ci?"

"Abin da Allah ya ba mu. Yau dai ga tuwo, buɗe kwanon."

"Baffa, kowa fa yana yi. Masu gadin kasuwa ma suna da ita."

"Su 'yan sintirin gari ne, nasu daban, da masu yi musu hukunci. Ni abin da na ɗauka shi na ɗauka." Ya wanke hannu, ya gutsuri tuwo ya kai baki, ya ɗan yamutsa fuska. "Innarki da wa ta yi faɗa yau? Gishirin nan ai na huce haushi ne."

Bushira ba ta yi dariya ba. Haushinsa take ji, haushi sosai. Ga mutum zai rasa aikin da ya sha wahala kafin ya samu, amma yana zaune yana zancen gishiri. Ta juya masa baya ta zuba wa burtali ido.

Bayan la'asar aka fara jin kukan shanu daga yamma. Can sai ga ƙahonni sun ɓullo, farare, sun cika hanyar daga wannan gefe zuwa wancan. Ja'afar ne a gaba da sanda a kafaɗa, yara biyu suna kora daga baya. Alhaji ya fito da sauri ya ɗauki bindigar, ya miƙa wa leburan da ya fi kusa.

"Ni dako aka ɗauke ni, Alhaji," in ji shi, ya ja da baya.

Ya miƙa wa na biyu, wannan ya ce kafaɗarsa ke ciwo tun jiya, ko da yake yanzu ya sauke buhu daga kanta. Na uku bai tsaya an miƙa masa ba, ya tuna bai yi la'asar ba. Alhaji ya tsaya shi kaɗai a bakin shanya, babbar riga tana jan ƙasa, bindiga a hannu, bai ɗaga ta ba bai kuma ajiye ba. Ya waiwayo ya dubi Hamma.

"Karo na ƙarshe nake gaya maka."

"Na ji, ranka ya daɗe. A'a."

Balaraba, babbar matan da ke gumi, ita ce ta fara motsawa. Ta ɗaure zani ta ce, "Ku tsaya kuna kallon juna. Ni na sha hayaƙin shinkafar nan tun safe, ba saniyar da za ta ci mini ita." Ta kama kusurwar tamfol ta ja. Sauran matan suka bi, leburori suka bi, har mai ciwon kafaɗa. Bushira ba ta san lokacin da ta tashi ba, sai ganin kanta ta yi riƙe da gefen tamfol, shinkafa mai ɗumi tana zubo mata a ƙafa.

Hamma bai taka wajen ƙofa ba. Daga inda yake ya ɗaga murya ya kira Ja'afar da Fulatanci, "Seese, seese!" wato a yi sannu. Ja'afar ya gitta sanda a gaban babban bijimin, ya yi masa magana, garken ya rage tafiya. Aka samu 'yar siririyar hanya a gefe, shanu suka shiga bi ɗaya bayan ɗaya suna hura hanci, suna miƙo wuya wajen shinkafa ana bugun su. Tamfol ɗaya na can ƙarshe ba a kai gare shi ba, suka bi ta kansa. Alhaji yana tsaye yana kallo. Da saniyar ƙarshe ta wuce, ya mayar da bindigar cikin buhu, ya jefa ta a bayan mota.

Ja'afar ya bar yaran su ci gaba da garken, ya dawo bakin ƙofa rungume da wani maraƙi mai ɗingishi. Labari ya riga ya je masa ta bakin leburori, sai washe baki yake.

"Sojan Goro! Ashe kai namiji ne! Wallahi yau ka wanke mu. Har Arɗo sai ya ji wannan." Ya sauke maraƙin. "Buɗe mini in shayar da wannan a famfon ciki, ba zai kai mashaya ba."

"Ba na buɗewa."

Ja'afar ya yi dariya, ya ɗauka wasan da suka saba ne. Ya tura ƙofar da kafaɗa, ya ji ta a kulle.

"Kai, Hamma, da gaske kake?"

"Ba a shiga sai da izinin mai wuri. Ga shi can, ka tambaye shi. In ba haka ba, ga gorar ruwana, daga gida aka kawo, ka ba shi."

"Mutumin da ya kore ka saboda mu, shi kake tsare wa famfo?"

"Ba saboda ku na ƙi ba."

"To saboda wa?"

"Saboda ba a yi. Wannan ma ba a yi."

Fuskar Ja'afar ta canza. Ya dubi Bushira kamar yana neman mai shaida.

"Kin ji babanki ko? Shanu sun ƙare, zumunci ma ya ƙare. Riƙe ruwanka, Ofisa. Zan gaya wa Adda Safara'u irin mijin da take aure."

"Kawu, tsaya mana," in ji Bushira. Bai tsaya ba. Ya saɓi maraƙin a wuya ya bi bayan garke.

Rana ta yi ja sosai lokacin da Oga Abdulganiyu ya iso a kan babur, ya goyo wani saurayi mai suna Mujitaba, shi ma da riga ruwan goro sabuwa fil. Oga ya shiga ofis ya daɗe da Alhaji. Da ya fito ya ce a yi canji. Hamma ya zagaya da Mujitaba cikin injin, ya nuna masa inda katanga ta tsage, da ƙofar baya mai wuyar kulluwa, da direban da ke son fita ba a duba motarsa ba. Sannan ya miƙa masa makulli. Ya je bakin ofis ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, na miƙa ƙofa lafiya. Allah ya sa albarka a kasuwa."

Oga ya ja Hamma gefe. Bushira tana tattara kwanuka, tana ji.

"Katinka yana nan, ba mai taɓa shi. Ni ban ga laifinka ba. Amma mai wuri ya ce ko a hanya ba ya son ganinka, kuma ba ni da wani gurbi a Tudun Wada. Akwai ɗaya a Riruwai, wurin ajiye kayan masu haƙar ma'adinai. Can za ka zauna, sai dai ka riƙa leƙo gida in an samu hutu. In ba ka so, ka zauna a gida har wani ya faɗo, ban san yaushe ba."

"Can ma ba bindiga?"

"Ko'ina ba bindiga."

"To zan je."

Suka kama hanyar gida, shi a gaba ita a baya da kwanuka a ka. Bushira tana ta lissafin abin da ya faru a ranta: Alhaji ya yi fushi, Kawu ya yi fushi, Inna ma za ta yi in ta ji, kuma daga yanzu ba mai kai wa Baffa tuwo, don Riruwai ba tafiyar ƙafa ba ce.

"Baffa," ta ce, "yau ba wanda ya ji daɗinka."

"Na lura."

"Da ka buɗe wa Kawu, ai da ko shi ya rage."

Hamma ya tsaya har ta iso shi, ya sauke mata kwanukan ya riƙe da kansa.

"Da na buɗe masa, da maganar Alhaji ta zama gaskiya, cewa don 'yan uwana na ƙi. Gobe kuma duk Bafulatanin da ya je neman aikin nan, sai a tuna masa da ni."

Suka ci gaba da tafiya, yanzu kafaɗa da kafaɗa, hayaƙin girkin gidaje yana tashi a gabansu. Haushin bai gama fita daga ranta ba, kuma ta san za ta yi kuka ranar da zai hau mota. Amma kafin su kai ƙofar gida Bushira ta gane cewa babanta bai zaɓi Alhaji ba, bai kuma zaɓi Kawu ba. Dokar da ta hana shi ɗaga bindiga a kan shanun 'yan uwansa ita ce ta hana shi buɗe musu ƙofar wani, kuma ba zai yiwu ya riƙe rabinta ya saki rabi ba.